Agogon Sama da Agogon Ƙasa: Saita Lokacin Kwamfuta da Na'urar GPS

Lacca ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da masu kula da na'urorin ofis

 

Maganar agogon kwamfuta aka ce in yi, kuma na san akwai waɗanda suka shigo zauren nan suna tambayar kansu me ke cikin agogo har da za a tara jama'a a kansa. Lambobi ne guda huɗu a gefen allo, in sun kauce a gyara da hannu, shi ke nan. Masu wannan tunani su ɗan yi haƙuri su ara mini kunne.

Kwamfuta ba ta san lokaci ba, ƙirga kawai take yi. A jikin babban allon da ke cikinta akwai wani ɗan mitsitsin dutsen kwaz wanda in wuta ta taɓa shi yake karkarwa sau 32,768 a sakan guda. Ita kuma tana ƙirga karkarwar, duk sa'ad da adadin ya cika ta ce sakan ɗaya ya wuce. Ɗan batirin nan mai faɗi, CR2032, shi ke riƙe da ƙirgan ko an kashe na'urar. In an kunna ta, sai babbar manhaja ta karɓi lokaci daga nan, ta ci gaba da nata ƙirgan da wani dutsen da ya fi sauri. A cikin biyun babu wanda yake daidai cif. Dutsen da masana'anta ta ce lafiyarsa ƙalau zai iya kaucewa da kashi 20 cikin miliyan. Kamar ba komai ba, amma sakan 86,400 ne a kwana ɗaya, don haka kaucewar ta kai sakan 1.7 kullum, kusan minti guda a wata, sama da minti goma a shekara.

Mu nan muna da ƙarin matsala, wato zafi. Irin dutsen nan na agogo an yanka shi ne don ya yi daidai a wajen digiri 25. Da zarar an yi sama ko ƙasa da haka sai ya rage gudu, kuma raguwar haɓaka take yi da sauri: a digiri 45 zai ƙara yin baya da fiye da sakan ɗaya a rana. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin saba a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram cikin watan Afrilu, an ɗauke wuta, janareta na jan kwamfutoci amma ba ya jan na'urar sanyaya ɗaki, ya san digiri 45 ba tatsuniya ba ce. Ga shi dare da sanyinsa, rana da zafinta, kaucewar ba ta tsaya wuri guda ba balle ka lissafa ta ka cire.

To wa abin ya shafa? Ɗauki cibiyar kwamfuta ta makaranta bayan dogon hutu. An kunna na'urori, wasu sun ƙi buɗe kowane shafi, sai gargaɗi kawai cewa haɗin ba shi da tsaro. Mai kula da wurin ya ɗora laifin a kan sabis, ya sake sayen data, ya kashe rauta ya kunna. Alhali batir ne ya mutu, agogo ya koma wata shekara can baya, ita kuwa takardar shaidar tsaron shafin tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma a idon kwamfutar ranar farawar ba ta zo ba tukuna. Lambobi shidan nan da manhajar tantancewa ke sauyawa duk sakan 30, da agogo ake samar da su. In na wayarka da na saba suka saɓa da yawa, ba za su shiga ba. A ofisoshin da ke kan Windows kuma, tsarin Kerberos, yadda yake zuwa a saice, ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti biyar, sai ka ga ma'aikaci da kalmar sirrinsa daidai an hana shi shiga.

Waɗannan na minti ne. Akwai na ƙasa da sakan. Ranar 14 ga Agustan 2003 wuta ta ɗauke a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontariyo na Kanada, mutum wajen miliyan 50 suka shiga duhu. Da masu bincike suka zo gano wane layi ne ya fara faɗuwa, wane ya biyo baya, sai suka tarar da yawa daga na'urorin da suka adana bayanan kowace da nata agogon. Sai da suka sha wuya kafin su jera abubuwan bi da bi, kuma cikin shawarwarin rahotonsu har da cewa a riƙa saita agogon irin waɗannan na'urori daga tushe guda. Ƙasar da babban layin wutarta ke yawan durƙushewa ba ta bukatar dogon bayani a nan. Haka banki da ke son sanin wace hada-hada ce ta riga wata, haka mai binciken kutse da ke haɗa rajistar saba biyar don gano ta inda ɓarawo ya shigo. Turakun sadarwa na zamani kuwa, waɗanda ke aikawa da karɓa bi da bi a mita ɗaya, saɓanin da aka yarje musu bai wuce mikirosakan ɗaya da rabi ba. Mikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan, milisakan kashi ɗaya cikin dubu. Ku riƙe su, za mu yi ta cin karo da su.

Maganin da kowa ya sani shi ne a tambayi intanet. Tsarin NTP ne ke wannan aiki, wanda David Mills ya fitar a 1985. Ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware a Amurka, ya rasu a Janairun 2024. Kwamfutarka ta aika tambaya ga wata saba, amsa ta dawo, ta auna tsawon zuwa da dawowa, ta raba biyu, ta ce rabin nan shi ne jinkirin hanya. Dabara ce mai kyau, kuma ga yawancin mutane ta wadatar. Amma ku lura da inda gizo ke saƙar: an ɗauka zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. A ce tambayar ta tafi cikin milisakan 40, amsar ta maƙale a cunkoso ta dawo cikin 160. Kwamfuta za ta ɗauka 100 da 100 ne, ta yi kuskuren milisakan 60, kuma ba ta da hanyar gane ta yi shi. A kan datar waya, ko layin da ɗalibai ɗari ke sauke bidiyo a kansa, wannan shi ne halin kullum. Sannan sai in layin na nan. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, Afirka ta Yamma ta shiga matsalar intanet, har bankuna suka yi ta ba abokan hulɗa haƙuri. Duk sabar da ke ɗauko lokacinta daga Turai, a irin wannan rana tana iya komawa ga ɗan dutsenta.

Nan ne GPS ke shigowa. Yawancinmu da nuna hanya muka san shi, amma taurarin ba taswira suke aikowa ba. Amurka ta harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, yau akwai wajen talatin suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200. Kowanne na ɗauke da agogon atam, na rubidiyom ko sisiyom, kuma dare da rana magana ɗaya yake yi: ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa. Saƙon na tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan, ya iso ƙasa cikin milisakan 67 in tauraron na saitin kai. Na'urar da ke hannunka ta duba jinkirin kowane saƙo, ta mai da shi nisa. Sai dai nata agogon kwaz ne mai araha, kuma kuskuren mikirosakan ɗaya tak daidai yake da mita 300 a ƙasa. Saboda haka abu huɗu ne ba ta sani ba: gabas ko yamma, kudu ko arewa, tsawo daga ƙasa, da kuskuren agogonta. Shi ya sa take bukatar taurari huɗu, ba uku ba. Lissafi ɗaya ne ke fitar da wuri da lokaci tare. Duk na'urar da ta iya gaya maka inda kake da tazarar 'yan mitoci, ta riga ta san lokaci da daidaiton da ya fi mikirosakan.

Ga 'yan kimiyyar lissafi da ke cikinmu, bari in ɗan ratse. Agogon da ke can sama ba ya tafiya daidai da na ƙasa, kamar yadda ka'idar Einstein ta nuna. Ƙarancin jan ƙasa na sa shi gaba da mikirosakan 45 a rana, gudun tauraron na ja masa baya da 7, saura 38. Ku ninka da mita 300, kun ga fiye da kilomita 11 kullum. Tun kafin harbawa ake rage wa agogon gudu kaɗan don ya zo daidai da namu.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. Na'urar GPS abu biyu take fitarwa, kuma yawancin masu gwada wannan aiki ɗaya kawai suke ɗauka, shi ne maras kyan. Na farko rubutu ne, jimloli a tsarin NMEA, da ke fitowa kowane sakan ɗauke da kwanan wata da awa da minti da sakan. Na biyu ba rubutu ba ne sam, bugun lantarki ne guda ɗaya a kan waya ɗaya, ana kiransa PPS, wanda ke tashi daidai farkon kowane sakan. Ku tuna wasan ƙwallo da ake saurare a rediyo. Alƙalin wasa ya hura usur, mai sharhi kuma ya ce an tashi daga wasa. Usur ɗin bai gaya maka ko na tashi ne ko na bugun fanareti ba, amma shi ne a kan lokaci. Mai sharhi ya san ma'anarsa, amma sai bayan an hura yake magana, wani lokaci nan take, wani lokaci sai ya ƙarasa zancen da ke bakinsa.

Rubutun NMEA haka yake. Sai na'urar ta gama lissafinta sannan ta fara turo haruffa ɗaya bayan ɗaya. A gudun 9,600 da yawancin ƙananan na'urori ke zuwa da shi, haruffa kusan 960 ne ke wucewa a sakan, jimla ɗaya kuma na iya kai haruffa 82, ga jimloli da yawa a jere, adadinsu na sauyawa da yawan taurarin da ake gani. Sakamakon haka jimlar da ke cewa ƙarfe goma daidai tana iya isowa bayan ɗaruruwan milisakan, kuma jinkirin na yanzu ba shi ne na anjima ba. Wanda ya sayi 'yar na'urar USB ya cusa, ya ga lokaci ya fito, ya ce ya samu agogon atam, sau da yawa ya samu abin da bai kai NTP na intanet ba. Bugun PPS kuwa, a bakin na'urar kuskurensa bai wuce ɗan ɓangaren mikirosakan ba, kuma in aka shigar da shi kwamfuta ta hanyar da ta dace, za a sami agogo mai tafiya cikin 'yan mikirosakan. Rubutu ya faɗi wane sakan ne, bugu ya faɗi yaushe ya fara. Sai an haɗa su.

Hanyar da ta dace ita ce wadda ke katse kwamfuta nan take. A tsohuwar kafar siriyal mai fil tara, ana sa bugun a fil ɗin DCD, bayan an daidaita ƙarfin wutar don ƙananan na'urorin da bolt 3.3 suke aiki. A Raspberry Pi kuwa kai tsaye ake kai shi ɗaya daga filolin GPIO. USB ba ya katse kowa, jira yake a zo a tambaye shi, a yawancin irin waɗannan na'urori sau ɗaya a milisakan, don haka ko ya ɗauko bugun ya riga ya dagula shi. Kayan aikin ba su da yawa: Raspberry Pi, ɗan allon GPS irin na u-blox mai ƙafar PPS, eriya mai dogon kebul, wayoyi biyar. A manhaja, Linux da gpsd don karanta rubutun, da chrony don sarrafa agogon. A jikin yawancin allunan akwai ɗan fitila. Muddin yana kashe ko yana kunne ɗam, na'urar na lalube ne. Da ya fara ƙiftawa sau ɗaya a sakan, ta kama taurari. Ka rubuta chronyc sources, ka jira alamar * ta koma layin PPS. Daga nan wannan ɗan akwati ya zama saba ta mataki na 1, wato mai ɗaukar lokaci kai tsaye daga tushe, sauran kwamfutocin ofis su riƙa ɗauka daga gare shi ta NTP a cikin gida, inda hanya gajera ce kuma saɓanin yakan tsaya ƙasa da milisakan.

Tarko ɗaya a nan: in rubutun ya yi latti sosai, manhaja na iya liƙa wa bugun sunan sakan da ba nasa ba. Sai ka sami agogo mai tafiya sumul, amma gaba ko baya da sakan ɗaya cur. Maganinsa a rage jimlolin da na'urar ke turowa, a auna jinkirin rubutun a saka shi cikin saitin.

Eriya ita ce ke kayar da mutane. Siginar da ta yi tafiyar kilomita dubu ashirin a mita 1575.42 megahaz ta iso a gajiye, ba ta huda rufin kwano, ba ta huda kankare. Bakin taga na ba ka rabin sama kawai. A kai ta saman rufi, nesa da bango da tankin ruwa masu mayar da sigina. Kuma wanda ya ɗora ƙarfe a saman bene ya ja waya zuwa ɗakin saba ba tare da kariyar tsawa da wayar ƙasa ba, damina za ta yi masa bayani. Za ku ji ana cewa kebul na jawo jinkiri, kusan nanosakan biyar a kowace mita. Gaskiya ne, amma mita 30 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mikirosakan ba. In ba turken sadarwa kake saitawa ba, kada ya hana ka barci. Abin da ya fi shafarmu shi ne sama da kanta. Yankinmu na kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda sashen saman iska mai caji ke rikicewa bayan magariba, musamman wajen Maris da Satumba, har sigina ta riƙa rawa ko ta ɓace na ɗan lokaci. In rajistarka ta nuna taurari na zubewa da daddare, kada ka yi saurin zargin mai sayar da eriya.

Kada kuma wani ya fita daga nan yana ganin abin da ya sauko daga sama ba ya kuskure. Agogon GPS ya fara ƙirga ne daga 6 ga Janairun 1980, kuma ba ya lissafa sakan ɗin da ake ƙarawa lokaci-lokaci don daidaita agogon duniya na UTC da juyawar ƙasa. Tun farkon 2017 yana gaban UTC da sakan 18. Taurarin na sanar da wannan tazara, amma cikakken saƙon na ɗaukar minti 12 da rabi, don haka na'urar da aka kunna yanzu tana iya ba da lokaci da tsohuwar tazara kafin ta ji sabuwa. Sannan lambar mako a tsohuwar siginar ba ta wuce 1,024, in ta cika sai ta koma sifili, kusan duk shekara 19 da rabi. Ta faru a Agustan 1999, ta sake a Afrilun 2019, mai zuwa a Nuwambar 2038. Masu ƙera na'urori da yawa kuma daga ranar da suka rubuta manhajar suke fara nasu ƙirgan, wanda ke nufin tsohuwar na'urar gwanjo na iya wayar gari kowace rana ta koma baya da shekara 19. Araha ba ta ado. Ko gpsd ma an taɓa gano masa kwaro wanda da zai mai da agogo Maris 2002 a ranar 24 ga Oktoban 2021, aka gyara kafin ranar, amma sai ga wanda ya sabunta. A 26 ga Janairun 2016 kuwa daga tushe aka sami matsalar: wajen yi wa wani tsohon tauraro ritaya, taurari da dama suka watsa lokaci mai kuskuren mikirosakan 13 na tsawon sa'o'i, har gidajen rediyon dijital na BBC a Birtaniya suka sami tangarɗa.

Ga kuma masu toshe sigina da gangan. A 2013 hukumar sadarwar Amurka ta nemi cin wani direba tarar kusan dala 32,000, saboda 'yar na'urar da ya sa a motarsa don kada kamfani ya san inda yake tana dagula kayan saukar jirage a filin jirgin Newark. Duk inda ake sa wa motoci na'urar bin sawu, wannan jarabar na iya ɓullowa. Na'urorin yanzu na sauraron Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin tare da GPS, wanda ke kare ka daga kuskuren tsari ɗaya, amma mitocinsu na maƙwabtaka, mai toshewa na iya haɗa su duka. Shi ya sa ra'ayina shi ne kada a cire sabobin intanet daga saitin chrony don an samu GPS. A bar uku ko huɗu. Ba daidaiton mikirosakan ake nema a wurinsu ba, shaida ake nema: in GPS ya ce 2002 su kuma suka ce a'a, rinjaye ya yi aiki. Tushe biyu kawai ba sa raba gardama, don in sun saɓa ba ka san mai gaskiya ba.

Abu biyu ƙanana kafin in sauka. Na'urar GPS lokacin UTC take bayarwa, wanda masu sauraron rediyo suka sani da agogon GMT. Na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi na gabansa da awa ɗaya, Gana na kansa daidai, Sudan na gaba da awa biyu. Sau da yawa za ka tarar da kwamfutar da aka bar yankinta a kan na yammacin Amurka, aka juya awa da hannu don allo ya yi daidai. Ranar da ka haɗa ta da sabarka za ta yi tsalle na sa'o'i, a ce na'urarka ce ta lalata ta. A gyara yankin tukuna. Na biyu, ɗan akwatin nan wutarsa kaɗan ce, a ɗora shi a kan batir ko inbata don kada ya mutu duk sa'ad da ake sauyawa zuwa janareta. Muddin yana kunne, chrony na koyon halin dutsensa, ko sigina ta ɓace zai ci gaba da rage masa kaucewar har ta dawo.

Ɗaliban da ke neman aikin bincike na ƙarshen zango, ga guda a ɓagas. Ku haɗa wannan na'ura, ku liƙa ma'aunin zafi kusa da dutsen, ku bar chrony ya riƙa rubuta saurin agogon, mako ɗaya cikin hunturu, mako ɗaya cikin bazara, ku zana jadawalin biyun a takarda ɗaya ku kawo wa malamanku.

Shugaban taro, nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.